Hular Injiniya a Gaban Akurkin Kaji

Kai Mahfuz, wa ya ce ka taɓa ta? Mayar da ita inda ka ɗauko, ka zuba wa kajin ruwansu. Ke ma Ikilima daina wannan leƙen. Tun da aka kawo ku hutu gidan nan ba ku da aiki sai tambaya, Gogo me ya sa kaza, Gogo wa ya yi kaza. A zamaninmu yaro ya ga kaji suna shan ruwa a hular kwano, wucewa yake yi ya kama gabansa. Ku kuwa sai kun tsaya kun bi diddigi kamar alƙalai. To ku zauna. Wanda ya katse ni, shi zai kankare tukunyar tuwo da safe.

Hular nan ta Ajimi ce. E, Ajimin da kuke gaisarwa a ƙofar masallaci, mai sanƙon nan da ke ɗaukar ido. Da har an manta yana da sanƙo, don shekara uku in ba a sahun sallah ba, ba a ganin tsakiyar kansa.

Ajimi ya taɓa aiki da wani kamfani da ya zo facin hanyar Nguru zuwa Gashua. Kwana goma sha tara ya yi. Aikinsa riƙe jan ƙyalle, ya tsayar da motocin gabas, ya saki na yamma. Ranar da ya sake su duka a lokaci guda, ranar aka ce ya tafi gida ya huta. Ya taho gida, amma ya taho da hular kwano ruwan ɗorawa, irin ta masu aikin hanya. Daga ranar ya daina amsa sunan da ubansa ya yanka masa rago. Ka ce Ajimi, sai ya dubi sama. Ka ce Injiniya, kafin ka rufe baki ya iso. Da hular yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa ta'aziyya. Sallah kaɗai ke raba shi da ita, nan ma a gabansa yake kife ta, ya bar takalma a waje ɓarayi su ji da su.

To a shekarar nan babbar hanyar da ke shiga kasuwa ta farfashe, sai direbobi suka gano layinmu. Layin da da in ka ji ƙara to jaki ne, ya koma tamkar filin tsere. 'Yan adaidaita sahu su wuce fuu, a-kori-kura ta biyo su da buhunan albasa har sama tana rangaji. Ba ka isa ka aiki yaro tsallaken layi sayen ashana ba sai ka riƙe zuciyarka a hannu. Ana haka, wata safiya adaidaita ta kwashe Shuhada, 'yar wajen Karima mai ƙosai, yarinya 'yar shekara biyar. Allah ya taƙaita, ƙafa ce ta karye. Amma Karima ba ta tsaya kuka ba. Turminta ta mirgino ta dasa a tsakiyar layi, ta zauna a kai da taɓarya a hannu, ta ce duk direban da ya haifu ya zo ya wuce.

Dole Bulama Abbagana, mai unguwarmu, ya tara mutane a gindin bishiyar mainar ƙofar gidansa. Maza a gaba, mu mata muna daga zaure muna ji.

Bulama ya ce, "Jama'a, Karima ba za ta kwana a kan turmi ba. Akwai Zakir birkila a Gashua. Shi ya yi wa unguwarsu tudun nan na siminti da ke sa mota rage gudu. Mu aika masa."

Ajimi ya miƙe kamar an ɗana masa wuta. Ya ƙwanƙwasa hularsa da yatsa, ƙwas ƙwas.

"Ranka ya daɗe, da raina? Ina zaune a layin nan za a je Gashua ɗauko mai ɗora bulo kan bulo? Zakir fa ko kwalta bai taɓa shinshinawa ba. Ni na yi hanya. Hanyar da za a bi a ɗauko shi ma, wa ya yi ta?"

Wani daga baya ya ce, "Shi ya sa take da ramuka."

"Wa ya yi magana? Ya fito fili!"

Ba wanda ya fito. Bulama mutum ne mai gudun hayaniya, ya ce to Injiniya, ga layi ga ka.

Washegari Ajimi ya kafa allo. Kwalin taliya ya samu, ya zana wata mota da jan fenti, ya zana hannu a gabanta, ya ɗaure a sanda a bakin layi. Ya ce haka ake yi a manyan birane, direba na gani jikinsa zai mutu. Direbobi ba su gani ba. Akuyata ce ta gani. Kafin azahar ta cinye motar, ta cinye hannun, ta bar masa sanda.

Ya ce wannan gwaji ne.

Sai ya koma rairayi. Ya yini yana jido shi a baro, ya tara tudu uku a layi, ya daddaɓe da bayan shebur. Ku da kanku kun san rairayin garin nan, ko a tafin hannu ba ya zama. A-kori-kura ta farko ta raba tudun gida biyu, ta biyu ta shimfiɗa shi, iska ta kwashi ragowar ta zuba wa Karima a cikin man ƙosai.

Karima ta fito da mataci a hannu. "Injiniya, yau ƙosaina da ƙasa za a ci?"

"Haƙuri za ki yi, Karima. Kowane babban aiki yana da ƙura."

"To ka zo ka cinye babban aikin, ga shi nan kwano guda."

Ya ce wannan ma gwaji ne, yanzu ya gane matsalar. Abin da ya tashi sama shi ake rushewa. Abin da ya yi ƙasa fa? Ya ɗauko diga ya haƙa rami daga wannan katanga zuwa waccan, zurfinsa har gwiwa. Mota ba ta fara faɗawa ba. Mai kurar ruwa ne ya fara, da jarkokinsa goma sha biyu, ramin ya cika taf. Mutane suka taru ana ciro bawan Allah, Ajimi ya iso yana bayani. Yana tafiya da baya yana nuna wa Bulama yadda direba zai hango ramin tun daga nesa.

"Ai ko makaho, ranka ya daɗe, ko makaho ne ya zo nan sai ya..."

Tsundum.

Hular ce ta fara tasowa, tana yawo a kan ruwa ita kaɗai. Sannan shi.

Ni ina ƙofar gida ina tsince wake. Na ce, "Ajimi, ashe hular nan ba ta yoyo. Da kajina aka ba su sha ruwa a ciki, da ta yi wa unguwa amfani."

Aka kwashe da dariya har da Bulama, yana rufe baki da hannun riga. Ajimi ya tsaya ruwa na zuba daga gemunsa, ya ɗora hular a ka da sauran ruwan a ciki, ya ɗaga yatsa sama.

"Gogo, ki riƙe maganarki. Bulama shaida ne, jama'a shaida ne. Zan gina tudu a layin nan. In bai kai damina a tsaye ba, na ba ki hular nan da hannuna, kajinki su sha ruwa. In kuwa ya kai, ke da bakinki za ki kira ni Injiniya a gaban mutane."

Na ce, "Na ji. Je ka sake wando."

Daga ranar Ajimi ya daina barcin rana. Hular ce duk abin da ya mallaka, in aka cire ta me ya rage? Wani mutum mai sanƙo da aka kora daga riƙon ƙyalle. Ya sa aka cike ramin, ya hau mota ya tafi Gashua a ɓoye don ya ga tudun Zakir da idonsa. Ya same shi kwance a layi, baƙi ƙirin, an yi masa zanen fari. Ya auna faɗinsa da taku, ya auna tsayinsa da ɗani, ya durƙusa yana ƙwanƙwasawa da dutse. Yana ɗagowa sai ga Zakir tsaye a kansa da cokalin gini a hannu.

"A'a, Injiniya! Wani abu ka yar?"

"Wucewa nake, na ce bari in duba muku aikin. Ba laifi. Na koyo ne, amma ba laifi."

"Na gode. In kuna so a Nguru, siminti ne da tsakuwa da ɗan ƙarfe a ciki. Kwana biyu na gama."

"Siminti?" Ajimi ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Siminti ai na wanda basira ta ƙare wa ne."

Ya faɗi haka ne kawai don kada ya yi shiru. A mota yana dawowa ya tuna shi kansa bai san da me zai yi tudun ba. Ya sauka a kasuwa yana tafe yana tunani, ya ratsa ta rumfunan 'yan kanwa, sai ya yi tuntuɓe. Babban yatsansa ya fashe. Ya duba abin da ya buge shi, ba dutse ba ne, ƙasa ce. Shekara da shekaru ana sauke buhunan kanwa a wurin, garinta na zuba, ruwa na taɓawa, ƙafa na takawa, har wurin ya daskare ya yi fari fat kamar an daɓe. Ajimi ya manta da yatsa. Ya dubi ƙasar, ya dubi sama, ya ƙwanƙwasa hula.

Ya ce wa 'yan kanwa zai share musu rumfuna kyauta. Suka dube shi suka dubi juna, suka miƙa masa tsintsiya. Baro ashirin da wani abu ya jido na sharar kanwa da ɓarɓashinta. Ya haɗo laka daga fadama, ya kwaɓa da ƙafafunsa, kwana biyar yana fama, rigarsa da wandonsa da gemunsa duk sun yi fari. Ya gina tudu uku, ya kewaye da ƙaya har suka bushe.

Gaskiya ɗaya ce, ko a kan Ajimi ne sai in faɗe ta: sun yi kyau. Farare tas, suna ƙyalli a rana, ko fenti ba sa buƙata. Da aka janye ƙayar, adaidaita ta farko ta shigo da gudunta na kullum. Ta daki tudun farko, fasinjoji suka gaisa da rufi, wata mata ta saki ƙwaryar nono, direba ya sauko yana riƙe da ƙugu yana tambayar wane la'ananne ne ya yi wannan. Layi ya ɗauki sowa. Ta biyu da ta uku suka lallaɓa kamar masu ɗauke da ƙwai. Karima ta mayar da turminta gida, ta aika wa Ajimi ƙosai mai zafi, wannan karon babu ƙasa. Shuhada ma aka fito da ita ƙofar gida da ɗaurinta a ƙafa tana kallo.

Da yamma na fita na durƙusa a kan tudun da ke ƙofata. Na kankara da farce, na ɗanɗana. Ajimi na zaune a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, mutane sun kewaye shi.

Na ce, "Ajimi, me ka zuba a nan?"

"Sirrin aiki ne, Gogo. Ba a faɗa."

"Kanwa ce."

"Ke kin san kanwa a tukunyar wake. Ni na san ta a ilmance. Kowa da fanninsa."

"Ranar kasuwa, shanun da ake kaiwa kara a sayar, ta ina suke wucewa?"

"Ta bakin layi mana, kamar kullum. Me ya haɗa saniya da aikin hanya? Gogo, in tsoron kirana Injiniya kike ji, ki fara gwadawa a ɗaki, bakin zai saba."

Aka yi dariya. Na kakkaɓe zanena na shige gida. Mutumin da ya girma a garin nan, ya ga makiyaya na sayen kanwa buhu-buhu suna kai wa dabbobi, ya ga yadda saniya ke fasa shinge saboda ita, in har sai na yi masa bayani, to bayanin ba zai shige shi ba. Da safe ma ya tarar da akuyata tana lasar gefen tudu, ya kore ta, ya ce wa mutane ko dabba ta san abu mai kyau.

Sai ya ce dole a yi bikin buɗewa. Bulama ya ce ai an riga an buɗe, motoci na bi. Ajimi ya ce aikin da ba a yanka masa ƙyalle ba, ba aiki ba ne. Ya zaɓi ranar kasuwa, wai don a ga tudun a ranar da motoci suka fi yawa. Ya aro rumfa da kujerun roba, ya aro lasifikar masu wa'azi, ya yage gefen tsohon zanen matarsa Yakaka ya ɗaure daga katanga zuwa katanga. Ya aika wa Zakir takanas ya zo daga Gashua ya ga yadda manya ke aiki. Zakir kuwa ya zo, ya zauna a layin gaba ya naɗe hannu.

Da hantsi wuri ya cika. Ajimi ya sa rigar aikinsa, ita dai wadda ya yi kwaɓi da ita, wai don a san ba a ofis ya zauna ba. Ya goge hula da man gyaɗa. Ya hau kan tudun tsakiya ya karɓi abin magana.

"Jama'ar Nguru! Baƙinmu na Gashua, ku buɗe ido ku koya! Wannan tudu da kuke gani, babu siminti, babu ƙarfe, babu tsakuwa. Basira ce zalla. Tirela ta taka shi, tirelar ce za ta ji a jikinta. Jikokinmu za su zo su same shi. Ni da kaina in na mutu..."

A daidai nan garken farko ya iso bakin layi. Na Usaini ne, wani Bafulatani da ke kawo shanu daga wajen Machina duk ranar kasuwa, jajaye masu dogayen ƙaho. Ƙarshen rani ne, dabbobi sun yi wata da watanni ba su ga kanwa ba. Uwar garken, wata jibgegiyar saniya mai karyayyen ƙaho ɗaya, ta zo wucewa sai ta tsaya cak. Ta ɗaga hanci. Ta juyo da kai.

Usaini ya daka mata tsawa, ya ɗaga sanda. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shigo layi da sassarfa, saura suka biyo ta.

Ita ta yanka ƙyallen, da ƙirji.

Kafin Bulama ya gama cewa innalillahi, shanu sun fi hamsin a layi. Kujeru suka tashi sama, rumfa ta kwanta a kan baƙi, mata suka kwashi yara suka yi cikin zaure. Shanun kuwa ba ruwansu da kowa. Suka jeru a kan tudun farko kai da kai kamar an zuba musu a kwami, ba ka jin komai sai karaf karaf na harshe. Waɗanda ba su samu wuri ba suka wuce na biyu, inda Ajimi ke tsaye.

"Kai! Kai! Wa ke da dabbobin nan? Wannan aikin hukuma ne!"

Usaini ya kutso yana haki. Ya dangwali tudun da yatsa ya kai baki, sai fuskarsa ta washe. Kun san Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa a rabu lafiya, wasa ne tun na kakanni.

"Kai, Babarbare! Kai ka yi wannan? Allah ya yi maka albarka! Ashe ka san haƙƙin iyayen gidanka. Sadakar kanwa har tudu uku, a shimfiɗe, ba sai mun sauke buhu ba!"

"Sadakar uwar wa? Janye su! Janye su na ce!"

"In janye su? Ni ma ina da rai. Ka taɓa raba saniya da kanwa?"

Duk wannan a lasifika ake yi, don Ajimi bai saki abin maganar ba. Har kasuwa ana ji. Makiyayan da ke tafe a baya suka ji ana sadakar kanwa a layin Bulama Abbagana. Garke na biyu ya shigo, na uku ya biyo. Tumaki suka cusa kai ta tsakanin ƙafafun shanu. Wasu mutanen Kumagannam da raƙuma biyu suka tsaya kallo, raƙuman suka ja su ciki. Adaidaita bakwai da a-kori-kura biyu suka maƙale a tsakiya, gaba ƙaho baya ƙaho, direbobi suka haye rufi suna zagi.

Ajimi ya ga tudun farko ya koma rabi. Ya tuna damina saura wata biyu. Ya tuna kajina. Sai ya yi abin da ba mai hankalin da zai yi: ya kwanta rub da ciki a kan tudun tsakiya, ya baje hannuwa da ƙafafu, wai sai dai su bi ta kansa.

Suka bi ta kansa. Rigar nan ta sha kanwa kwana biyar. Mai karyayyen ƙaho ta shinshina bayansa, ta lasa sau ɗaya, ta ga ai wannan ya fi tudun laushi. Ta sa hanci ta ture hular, hular ta gangara. Ga sanƙo ya bayyana, ya jiƙe da gumi da garin kanwa, rana na dukansa. Harshen saniya kuwa, ku da ba ku sani ba, kamar dutsen goge kaushi yake.

Unguwa uku suka ji ihun a lasifika.

"Wayyo! Usaini! Usaini, don girman Allah! Za ta fere ni!"

"Kwanta da kyau, Babarbare, kada ka motsa. Ba ta taɓa yi wa kowa wannan gatan ba, ko ni."

"Bulama! Ranka ya daɗe, a kira hukuma!"

Bulama na kan katangar Karima, babbar riga a naɗe a wuya. Ya ce, "Ai kai ne hukumar, Injiniya."

Da ƙyar Usaini da Zakir suka ja shi ta ƙafafu suka fitar, saniya na biye tana lasar ƙeya. Suka jingina shi da bango. Kansa ya yi jawur yana sheƙi kamar an wanke tasa.

Kafin azahar babu tudu ko ɗaya. Ba su tsaya nan ba, suka bi ƙasan da ruwan kanwa ya jiƙa suna lasa suna tono da kofato, har inda tudu uku suke ya koma kwari uku. Sannan suka juya suka fita da kansu, a natse, suka bar mana layi da kashi da karyayyun kujeru.

Zakir ya zagaya ya duba wuraren, ya dawo ya tsaya gaban Ajimi.

"Gaskiya na koya, Injiniya. Nawa shekara biyu ke nan ko akuya ba ta kula shi ba."

Ajimi ya kai hannu ya shafa sanƙonsa. Ni kuwa na tsallaka na ɗauko hular daga cikin kwata. Kofato ya ɗan lotsa ta a gefe, ga wurin nan kuna gani, amma ba ta fashe ba. Ban tafi da ita ba. Na kai masa na ɗora a cinyarsa.

Na ce, "Da hannunka ka ce."

Ya dubi Bulama, Bulama ya dubi sama. Ya dubi jama'a, jama'a suka zuba masa ido. Ya shafa hular kamar mai sallama da ɗa, ya miƙo mini.

To abin da ya biyo baya shi ne ko ni ban zata ba. Saniya ba ta mantuwa. Ranar kasuwar da ta zagayo, garken Usaini na isowa bakin layi suka karyo da kansu, suka zo suka lashi ƙasa suka ƙara wa kwarin zurfi. Wadda ta biyo ma haka. Har yau ɗin nan, kanwar ta ƙare tuntuni, amma sai sun shigo sun duba ko Babarbare ya sake yin sadaka. Direbobi suka gaji da karya ƙafar mota a kwari da tsayuwa a bayan ƙaho, suka sa wa layin suna Layin Shanu, suka koma farfasasshiyar hanyarsu. Ƙafar Shuhada ta warke, ga ta can kullum tana 'yar gala-gala a tsakiyar layi, ba mai ce mata matsa.

Ajimi na ganin haka baki ya dawo. Ya fara bin majalisa yana cewa ai dama shirin ke nan, tudun tarko ne, shanun su ne ainihin aikin, sai mai zurfin ilmi zai gane. Har ya yi sallama a ƙofar gidan nan, ya durƙusa ya gaishe ni, yana satar kallon akurki.

"Gogo, kin ga dai layi ya yi lafiya."

"Ya yi. Allah ya saka wa shanu."

"To ai... tunda buƙata ta biya, na ce ko hular nan..."

"Da ka yi rantsuwa gaban Bulama, shanu ka ce za su kai damina ko tudu?"

"Tudu na ce, amma a ilmance..."

"Tashi mu je ka nuna mini tudun. Ko guda. Ko rabin guda. In ka nuna, in zubar da ruwan kajin in wanke ta in ɗora maka da hannuna, in kira ka abin da kake so."

Ya dubi akurki. Zakarana ya zo ya tsoma baki a hular, ya ɗaga kai sama ya haɗiye, yana kallonsa da ido ɗaya. Ajimi ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Har ya kai zaure ya juyo.

"A riƙa sa ta a inuwa dai, Gogo. Rana na cin fentin."

Shi ke nan, kun ji. Gobe in kun gan shi a ƙofar masallaci ku gaishe shi da ladabi, wanda ya kalli kansa ya yi dariya ni da shi ne. Mahfuz, ja hular can gindin bango inda rana ba ta kaiwa. Ikilima, kakkaɓe tabarma. Ku wuce ku kwanta, kada in sake jin bakin kowa.